Shekarar da Na Sa Hannu a Kan Takalman da Ban Gani Ba

Ranar Asabar da ta wuce na leƙa gidan kallon ƙwallo na bakin tasha. Ba kallo ya kai ni ba, wayata na kai caji. Na tarar kun rabu gida biyu kuna ta ɗaga jijiyar wuya a kan wani kocin Turai da ake zargin kulob ɗinsa da cuwa-cuwar kuɗi. Rabi na cewa ya tattara komatsansa ya gudu tun sunansa bai ɓaci ba, rabi na cewa babu ruwansa, shi fili ya sani, ba ofis ba. Har wani mai askin zakara yana bugun ƙirji wai da shi ne koci da tuni ya gyara komai cikin sati guda. Na san shi sarai, in ya yi gudu daga masallacin unguwa zuwa famfo sai ya nemi dakalin zama. To tunda kowa a Kankia ya zama koci, bari wanda ya haura shekara ashirin da usur a wuya ya faɗa muku abin da ke cikin aikin. Sunana Sada. Yayyenku suna kirana Koci Hagu, kuma kafin in gama za ku ji inda sunan ya samo asali.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne jan katifa. Ina da shekara ashirin da shida wani ɗan baya daga Kafin Soli ya shigo mini da ƙafa biyu, gwiwata ta dama ta tashi aiki. Har yau in hadari zai haɗu ita ke fara sanar da ni. Da na ga buga ƙwallo ya ƙare mini, sai na je wurin Malam Iro, tsohon malamin motsa jiki na firamare, wanda ke horar da ƙungiyarmu mai suna Ƙudan Zuma. Na ce masa ina so in koyi aikin koci. Ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga ɗakin ajiya ya fito da guntun katifar soso da aka ɗaura wa igiya, da tsohon buhun taki.

"Tahi ka ja wanga daga raga zuwa raga," in ji shi. "Tsidau da ƙarangiya za su maƙale, ka cire ka zuba buhu. Ran da buhun ya cika ka zo mu yi maganar dabarun wasa."

Na ɗauka wasa yake. Wata takwas ina jan katifar nan da igiya a kafaɗa, 'yan kabu-kabu na wucewa suna tambayata ko in na gama zan kai musu taki gona. Buhun bai taɓa cika ba. Sai daga baya na gano Malam Iro ne ke zazzage shi a bayan makaranta duk ranar Juma'a. Amma a wata takwas ɗin nan na san filin kamar tsakar gidanmu. Na san inda ruwa ke kwanciya, da inda ƙwallo ke tsalle ta yaudari gola, da inda gafiya ta yi rami. Na kuma san wanda ke zuwa da wuri, da wanda ke laɓewa bayan bishiyar kukar da ke gefen fili sai an gama zagayen fili sannan ya ɓullo yana share gumin ƙarya.

Kayan aikinmu ba irin waɗanda kuke gani a talabijin ba ne. Layin fili da toka muke ja, kuma tokar mai ƙosai ta fi ta kowa fari, don haka dole koci ya zauna lafiya da mai ƙosai. Gwangwanayen tumatir da muka cika da yashi su ne alamomin da 'yan wasa ke zagayawa. Famfon ƙwallo guda ne, allurarsa a naɗe da zare, wanda ya karya ta ya shiga uku. Usur ɗin Malam Iro kuwa ɗan dutsen cikinsa ya faɗi tun kafin a haife ku, ƙwayar wake muke sa masa, in damina ta yi sai waken ya kumbura usur ɗin ya riƙa kuka kamar akuya mai mura. Wanda ya fi kowa muhimmanci a ƙungiya kuma ba lamba tara ba ne, shumekan bakin kasuwa ne. Shi ke ɗinke mana but, wato takalmin ƙwallo, in ya wage baki, shi ke yi wa ƙwallo faci har ta manta asalin kamanninta.

Malam Iro ba shi da dokoki da yawa, amma akwai guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a karɓar but a cikin kwali. Abin ya samo asali ne daga wani wasan ƙarshe da muka yi da 'yan Kusada. Da safiyar ranar yayan lamba taranmu ya aiko masa da sabon but daga Kano, ja wur, yana walƙiya. Ya sa ya shiga fili yana taku ɗai-ɗai don 'yan kallo su gani. Kafin minti ashirin ƙafafunsa sun yi bororo. Aka ba mu fenariti, ya zo yana ɗingishi ya buga, ƙwallon ta haye raga ta faɗa gonar dawa, ba a same ta ba sai da aka yi girbi. Tun daga ranar duk but ɗin da zai shiga filinmu, sabo ne ko na gwanjo, sai mai shi ya sa ƙafa biyu, ya ɗaure, ya yi gudu zuwa kukar nan ya dawo sau uku. Sannan ya cire ya miƙa wa koci, koci ya danna gaban da babban yatsa, ya juya ya duba ƙusoshin ƙarƙashi.

"Abin da ke cikin kwali ba ka san shi ba, Sada," haka Malam Iro ke ce mini. "Sai ya hita ya sha ƙasa."

Kowace sana'a da kwastomominta. Namu dai ba sa biyan ko sisi, zagi suke bayarwa kyauta. Akwai mai shayin da bai taɓa rasa wasa ba, bai kuma taɓa yarda na yi canji daidai ba. Akwai uban da zai zo da babbar riga ya ce ɗansa ya fi kowa, alhali ɗan in ya ga ƙwallo ta taho sama sai ya rufe ido. Amma manyan kwastomomi su ne iyayen da ke da gona. Wata damina muna da wasa mai zafi ranar Asabar, golanmu Mati, ɗan ƙauyen Mawashi, ya yi kwana huɗu bai zo tirenin ba. Na je har gida na iske mahaifinsa a bakin gonar gero, ciyawa ta kusa shanye shukar.

"Koci, ƙwallon nan taku ana cinta da miya?" ya tambaye ni.

"A'a, Baba."

"To gero ana cinshi. Ka ga ciyawar can? In ta hita, ka ɗauke shi."

Washegari da sassafe na kwaso 'yan wasa goma sha shida, kowa da fartanyarsa. Kafin azahar mun gama masa maimai tas. Tsohon ya sa aka damo mana fura a ƙwarya uku, ya ce Mati namu ne har kaka. Ranar Asabar yaron ya tare fenariti da hannun da ya yi kanta. Daga nan abin ya zama tsari, damina na sauka tirenin ɗin Talata a gonar wani daga cikinmu ake yinsa. Ku je ku tambayi kocin Turan naku ko ya taɓa riƙe fartanya don ya samu gola.

Da Malam Iro ya tsufa ya rataya mini usur ɗin nan mai wake, ya koma gefe yana gyara mini kuskure da sanda. Bayan rasuwarsa Allah Ya ba mu sa'a muka hau gasar da ake zagaya garuruwa. Hawan nan shi ya kawo mana Alhaji Bishir. Dillalin taki ne da hatsi, kuma abin da ya sa muka naɗa shi ciyaman shi ne yana da bas mai cin mutum goma sha takwas. Bai taɓa buga ƙwallo ba ko a mafarki. Ya taɓa ja na gefe ya tambaye ni, da gaske, me zai hana mu sa gola biyu ran da muke tsoron abokan karawa. Amma yana da fara'a, yana sayen lemo in an ci wasa, in an sha kashi kuma wayarsa ba ta shiga.

A shekararsa ta uku wani ɗan Kankia da Allah Ya buɗa wa a Abuja, kowa Injiniya yake ce masa, ya aiko da kuɗi a saya wa Ƙudan Zuma sababbin but na mutum goma sha takwas. Ta hannun masu shirya gasar kuɗin ya biyo, su kuma suka ce sai an mayar musu da takardar shaidar karɓar kaya, da sa hannun ciyaman da na koci. Wata safiya Alhaji ya aiko in same shi a shago. Na tarar ya sa an kawo shayi mai kauri da ƙosai mai zafi, abin da ya kamata ya sa in sha jinin jikina, don ban taɓa ganin ya ciyar da mutum ba tare da dalili ba. Ya turo mini takarda da biro.

"Sa hannu nan, Koci. Kaya na bisa hanya, motar ce ta lalace."

"Alhaji, ko igiyar takalmi ban gani ba."

"Haba Sada, ni da kai? In takardar ga ba ta isa yau ba, hana mu rijista za su yi. So kake yaran nan su zamna gida saboda biro?"

Na sa hannu. Ni da na taɓa korar ɗan wasa daga fili don bai kai sabon but ɗinsa kuka ba, ni ne na karɓi na mutum goma sha takwas a takarda, bakina cike da ƙosai.

Motar nan ta yi wata biyar ana gyaranta. Duk ran da na tambaya sai Alhaji ya ce saura fulogi. Ana haka Babbar Sallah ta zo, Injiniya ya dawo gida, ya ce bari ya zo fili ya ga alherinsa a ƙafafun yara. Abin da ya fara gani shi ne kyaftin ɗinmu Nura, ƙaton ɗan baya, da but ɗin da shumeka ya ɗinke da waya, aka kuma ƙara masa ɗaurin roba. Injiniya bai gama kallon wasan ba. Ya nufi wurin Alhaji, Alhaji ya buɗe durowa ya fito da takarda, ya ce shi kam ya sauke nauyi, ga sa hannun koci ya karɓa. Injiniya ya rubuta ƙorafi zuwa ga masu gasar.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ƙaddara ta sa a watan ne na sayi babur na hannu da kuɗin raguna biyu da na kiwata. Wa zai saurari zancen raguna? Kafin sati gari ya raɗa wa babur ɗin suna But. In na wuce tasha sai 'yan kabu-kabu su ɗaga murya, "Koci, lamba nawa take sawa?" In na je masallaci, mutanen da suka saba barin takalmansu a ƙofa sai in ga sun ɗauka sun shiga da su a hammata. Da farko dariya nake tayawa. Ran da dariyar ta tsaya shi ne ran da tsohon nan na Mawashi ya zo da kansa a kan keke, ya tsaya bakin fili bai ko sauka ba.

"Koci, na ba ka Mati ne don na ga kana noma da hannunka. Yanzu abin da nike ji bai yi mani daɗi ba. Shi dawo gida har a ga gaskiya."

Wannan ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Iyaye huɗu suka bi sahunsa. Sannan wasiƙa ta zo cewa kwamitin mutum uku zai zo Kankia bincike, kuma duk wanda aka kama da hannu a ciki, shi da harkar ƙwallo har abada. Ni kuwa ban iya komai ba sai wannan. Ban da usur, ko tireda ban taɓa riƙewa ba.

Ana gobe kwamiti zai zo, bayan la'asar, Alhaji Bishir ya kira ni sito. Bayan buhunan taki ga kwalaye goma sha takwas a jere, sababbi fil. Ya ce arowa ya yi daga wurin Alhaji Maiwada, wani ɗan Kusada mai babban shagon takalma a Katsina, abokinsa tun firamare.

"Gobe mu jera su bisa tebur," in ji shi, "su ɗauki hoto, su ci shinkafa, su tahi. Jibi a maida ma mai kaya kayanshi. Ni na hita, kai ka hita."

"To in Asabar ta zo aka ga yara da tsoffin but fa?"

"Sai a ce ajiye sababbin muka yi sai wasan ƙarshe. Kai komai sai an koya maka?"

Da zan ce muku na buga tebur na yi masa wa'azi, da na yi ƙarya. Cewa na yi to. Mutumin da ake shirin raba shi da sana'arsa ba ya tsayawa zaɓen ƙofar da zai fita.

Da safe ni na jera kwalayen a kan tebur ƙarƙashin darbejiyar bakin fili. Ban yi niyyar buɗe ko ɗaya ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na ɗaga murfi, na ɗauko but, na danna gaba da babban yatsa. Na hagu ne. Na ɗauko ɗan'uwansa. Shi ma na hagu. Na ce kuskuren zubi ne, na buɗe kwali na biyu, na uku, har na goma sha takwas. Takalma talatin da shida, babu na dama ko guda. Nan take na gane abin da ya faru. Kun san yadda masu takalma ke baje ƙafa ɗaya a waje su ɓoye ɗayar a ciki don kada a yi gaba da kaya. To Alhaji Maiwada ya san abokinsa tun suna cin gyaɗa a aji ɗaya. Ya ba shi aro don kunya, amma ya riƙe duk na dama a shago. Shi kuwa ciyaman ya ɗaga murfi ya ga abu na walƙiya, ya rufe.

Na mayar da murafen na tsaya ina kallonsu. Babu wanda zai lura. Masu bincike kwali suke ƙirgawa. In na yi shiru takarda za ta wanke ni, in ci gaba da aikina. Amma Kankia ba ta karanta takarda. Ranar Asabar Nura zai fito da but ɗinsa mai waya, gari ya ce Sada ya sayar da takalman nan har sau biyu, kuma tsohon Mawashi ba zai sake ba ni ko ɗan akuya ba, balle ɗa.

Kwamiti ya iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Shugabansu wani dattijo ne mai tabarau, tsohon alƙalin wasa. Rabin gari ya taru, har da mai shayin nan a sahun gaba. Dattijon ya ƙirga kwalaye, ya ɗaga murfin guda, ya gyaɗa kai ya ce madalla. Sakatarensu na rubutu, ƙamshin shinkafa na tasowa daga bayan bas ɗin Alhaji. Sai dattijon ya juyo gare ni.

"Koci, waɗannan ne kayan da ka sa hannu ka karɓa?"

Na ji Alhaji ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, kuma ƙafar mai ciwon ya taka.

"Ranka shi daɗe," na ce, "a wurinmu ba a karɓar but sai an sa an kai kuka an dawo. Ban karɓa ba tukuna. In ka yarda yanzu zan karɓa a gabanka."

"Ba sai an wahalar da yara ba," in ji Alhaji, muryarsa ta sirance. "Abinci na hucewa."

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau, ya dube ni, ya ce, "A sa."

Na busa usur. 'Yan wasan da suka rage mini, da wasu tsofaffin 'yan wasa da na jawo daga cikin 'yan kallo don a cika goma sha takwas, kowa ya ɗauki kwali ya zauna a ƙasa. Nura ne ya fara ɗagowa, but a kowane hannu, yana dubansu yana dubana.

"Koci, wanga ai..."

"Ɗaure, Nura."

Na sake busa usur suka tashi da gudu. Jama'a, na ga abubuwa a fili, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ƙarti goma sha takwas suna tafiya a karkace kamar agwagin da aka koro daga rafi. Wannan ya harɗe da wancan, wani ya nufi gonar dawa ba da son ransa ba, Nura ya yi taku bakwai ya kifa da ciki. Babu wanda ya kai kuka. Mai shayi ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. Dattijon kwamiti ya cire tabarau yana share hawayen dariya. Alhaji Bishir ya miƙe yana ɗaga hannu yana cewa kamfani ne ya yi kuskure, wallahi zai kai su ƙara. Sakataren kwamiti ya juya kwali guda, ga tambarin shagon Alhaji Maiwada a ƙasa, da farashi da biro.

Da aka natsu aka shiga aji aka rufe ƙofa, na faɗi komai, har da ƙosan. Bayan sati uku hukunci ya fito. An tsige Alhaji, an ce ya mayar da kuɗin Injiniya. Ni kuma an dakatar da ni shekara biyu saboda na sa hannu a kan abin da ban gani ba, kuma na yarda a jera kayan aro. Ban ɗaukaka ƙara ba. Da Malam Iro ne ya yanke, biyar zai ba ni, ya haɗa mini da katifa. Takalman kuwa kwamiti ya kwashe su a matsayin shaida ya tafi da su Katsina. Bas ya tafi da mai shi, Ƙudan Zuma ta fita daga gasar, yarana suka watse, huɗu suka koma buga wa Kusada, abin da ya fi dakatarwar ƙona mini rai. Sai dai a masallaci mutane sun koma barin takalmansu a ƙofa. In na wuce tasha yanzu "Koci Hagu!" ake kira, ni kuma in ɗaga musu hannun hagu.

Shekara biyun nan kabu-kabu na yi da babur ɗin nan But, tsakanin Kankia da Kusada. A nan na haɗu da Alhaji Maiwada wata ranar kasuwa, ya zo gida ganin mahaifiyarsa. Yana jin an ambaci sunana ya yo kaina.

"Kai ne Sada? Kai ka ja mani! Takalmi talatin da shida gare ni a shago, duk na dama. Wa zan saida mawa? Ko ka san garin masu ƙahwa guda?"

Na ba shi haƙuri, na ce in Allah Ya yarda zan dawo masa da na hagunsa. Ya ce haka Bishir ma ya ce.

Sau goma sha ɗaya na je ofishin masu gasar neman a saki takalman. Yau mai makulli ya tafi ta'aziyya, gobe sai an rubuto takarda, jibi takardar ba ta da hatimi. Har masinjan wurin ya fara ajiye mini kujera. Saura wata guda dakatarwata ta ƙare aka sake su. Na zuba su a buhun taki biyu, na ɗaure a bayan But, na nufi shagon Alhaji Maiwada. Muka baje tabarma a tsakar shago, shi da tulin dama, ni da tulin hagu, muna haɗa su lamba da lamba, launi da launi, kamar masu sasanta ma'aurata. Ba mu tashi ba sai da kowane ya samu ɗan'uwansa, har wanda Nura ya kifa da shi, da ɗan tabon ƙasar Kankia a gabansa.

Alhaji Maiwada ya sa aka kawo ruwa, ya tambaye ni abin da zan yi yanzu. Na ce wata mai zuwa zan koma fili. Yara tara sun ce za su dawo, tsohon Mawashi ma ya aiko cewa Mati na nan in ina so. Fili ya cika da tsidau, ba mu da ciyaman, ba mu da bas, takalma kuwa sai abin da shumeka ya iya ceto. Sai Alhaji Maiwada ya tashi ya fara ware kwalaye gefe guda yana ƙirgawa, har goma sha takwas.

"Ɗauki waɗanga. In kaka ta yi ka kawo abin da ya samu."

Na tsaya ina kallonsa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Alhaji, na hagu ko na dama?"

"Bishir nike ba hagu," in ji shi. "Kai ɗauki duka biyu."

Na ɗaure kwalayen a bayan babur, na yi tafiyar kilomita biyu ko uku, sai na ga hanya ta dushe mini. Na tsaya gefen titi na share idona da hular kwano a hannu, na ce wa kaina iska ce. Ba iska ba ce. Da na iso Kankia kuma ban raba ko guda ba sai da kowa ya sa ƙafa biyu ya kai kuka ya dawo sau uku.

Mai askin zakara, in har yanzu kana son aikin, katifa na nan a ɗakin ajiya, na sa mata sabuwar igiya. Sauranku kuma, in kun koma gidan kallo kuna gardamar ko kocin can zai tsira da sunansa, kada ku tambaye ni, ban san abin da ya sa wa hannu ba, ban kuma san abin da aka ba shi ya ci a ranar ba. Ku bari a gama shari'ar tukuna. Sannan ku nemo mai takalman garinsu, ku tambaye shi ƙafa nawa zai ba shi aro.